Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Takalmin Mushe

A makon jiya na tsaya inda mai gidan da muke haya a Zango ya aiko cewa zai yi wa ɗansa aure, yana son ɗakunansa. Ba mu ja magana ba, gida nasa ne. Muka kwashe ƴan komatsanmu a amalanken jaki sawu biyu, muka koma can bayan Garin Malam, inda gari ya fara ƙarewa gonaki suka fara. Ɗaki biyu da tsakar gida, jikka 10 a wata, alhali a Zango jikka 17 nake biya. Daren farko har da murmushina na ce wa maman yara mun tsira da jikka 7. Ta dube ni ta ce, "Malam, ka sa kuɗin hanya a ciki kuwa?" Na ce wane kuɗin hanya, ai wannan ɗan abu ne. A 2021 ke nan.

Bari in ɗan tsaya saboda ƴan'uwanmu na Kano da Daura masu bin labarin nan. Mu a Damagaram da dala muke ƙirga kuɗi. Dala ɗaya sefa 5 ce, dala 20 sefa 100, dala 100 sefa 500, jikka kuwa sefa 1,000. In kuma kun ji ana kirana Mushe, ba mushen da ungulu ke yi wa taro ba ne, malamin lakwal, wato makarantar boko, ake nufi, daga bakin Faransawa muka gada. Ko da yake akwai ƙarshen watan da in ka gan ni sai ka rasa wanne ake nufi.

Lakwal ɗin da nake koyarwa ta wani Alhaji ce, ba ta gwamnati ba. Da jikka 50 aka ɗauke ni a 2017, kuma har ranar da nake ba ku labarin nan jikka 50 ɗin ce, ko dala ba ta hau ba. Wata 9 ake biya, daga Oktoba zuwa Yuni. Watanni 3 na hutu kowa tasa ta fisshe shi. Mafi ƙarancin albashin da doka ta yanke a 2012 sefa 30,047 ne, ya kuma shafe fiye da shekara 10 ba wanda ya taɓa shi, shi ya sa in magana ta taso Alhaji yakan ce shi ai ya wuce doka. Ya wuce ɗin kuwa.

Abin da ya rufa mana asiri a shekarun nan shi ne ruwa-ruwa, wato man fetur na bayan fage. Wanda bai san garin nan ba sai ya yi mamaki. A lokacin ko'ina ka duba a bakin hanya ɗan tebur ne, an jera butali-butali na mai suna ƙyalli a rana, ga mazurari ga ɗan tsumman tacewa. Daga Najeriya ake shigo da shi, ta wajen Ɗan Barto da Tinkim da hanyoyin daji waɗanda masu moto kaɗai suka sani, moto ɗaya an ɗaure mata bido, wato jarkoki, har ba ka ganin mai tuƙin. A wancan lokacin a gidan mai lita sefa 540 ce, a wajen ƴan ruwa-ruwa muna samu dala 60, wani lokaci ƙasa da haka. Gidan mai sai motocin gwamnati da na ƙungiyoyin agaji. Ga matatar SORAZ a kan hanyar Tanut, tafiyar kilomita 50 da ɗoriya, tun Nuwamban 2011 take aiki, amma motocin da ke kai mu aiki man Najeriya suke sha. Tallafin da gwamnatin can ke zubawa don talakanta, mu ma a nan muna lasa, mun kuma saba da lasar har mun ɗauka haka duniya take.

Na samu wani yaro ɗan kabu-kabu, ɗan wajen Mirya ne, da haka ma kowa ke kiransa a unguwa. Muka yi da shi dala 30 zuwa, dala 30 dawowa. Ƙarfe 7 da kwata zai tsaya a ƙofar gida ya danna oda sau biyu. Shekara biyu muna haka, ko sau ɗaya bai sa na yi latti ba.

Ranar Litinin 29 ga Mayun 2023, ina zaune wajen mai shayi da yamma, rediyo ya ce sabon shugaban Najeriya Bola Tinubu ya faɗa a wurin rantsar da shi cewa tallafin mai ya ƙare. Har na ce, "Allah ya kyauta wa ƴan Najeriya." Wallahi haka na faɗa, kamar wanda gobara ke ci a maƙwabta ya fito yana yi musu jaje bai san dangarsa ta kama ba.

Ranar Alhamis ɗan Mirya ya zo, ya danna oda sau ɗaya. Na hau, bai tayar ba.

"Mushe, yau fa sai haƙuri. Dala 50 ne."

"Dala 50 kuma? Lakwal ɗin ce ta ƙara nisa cikin dare?"

"Wallahi Mushe ba daga ni ba ne. Bari mu fita bakin hanya ka ga teburan."

Na gani kuwa. Wasu an kife su, wasu butali biyu ko uku ne a kai, kuɗin ma ya zarce na gidan mai. Gidajen man da ƙuda ke kwana a kan famfonsu, ranar ga layi har ya sha kwana. Na biya dala 50 ina ƙunƙuni, na ce a raina abin kwana biyu ne.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Ranar 26 ga Yuli sojoji suka karɓi mulki, ƙungiyar CEDEAO, wato ECOWAS, ta sa takunkumi, aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar da take ba mu. Ba siyasa zan yi ba a nan, kowa ya san inda ya tsaya. Abin da ya shafi labarina shi ne taya da sarƙa da baƙin mai da duk wani ƙarfen moto daga Kano suke zuwa mana. Da aka koma aji a Oktoba, kuɗin hanyata ya zama dala 60 zuwa, dala 60 dawowa.

Wani dare na yage takarda daga tsakiyar kayen, wato littafin rubutun, wani ɗalibi, Allah ya yafe mini, na zauna da fitilar waya na yi lissafi. Sefa 600 a wuni, kwana 22, ya kama 13,200. Haya 10,000. Ruwa, wanda a garin nan kowa ya san shi ma albashinsa daban, balle mu da famfo bai iso unguwarmu ba sai dai mu bi ƴan garuwa, kamar jikka 6. Abin da ya rage bai cika jikka 21 ba, ga baki 6 a gida, ga buhun shinkafa mai kilo 25 da muke saye jikka 11 ya haura 15. Na sake lissafin sau uku ko na yi kuskure. Ni da nake koya wa ƴan aji 6 raba lamba, na gane cewa a kowane wata, aikin mako guda cur ba don gidana nake yinsa ba, don in kai kaina wurin aikin ne kawai. Na tuna tambayar maman yara ta daren da muka tare. Ban tashe ta ba.

Abin da na fara yankewa shi ne komawa gida da rana. Ranakun da muke da aji safe da yamma, in yara sun watse sai in ja benci biyu in haɗa, in sayi kwaɗon zogale na dala 20 wajen wata tsohuwa a bakin ƙofa, in kwanta ina kallon kwano har a yi azahar. Ashe ba ni kaɗai ba ne. Cikin mako biyu mun zama mu 5, har muka soma haɗa kuɗin shayi. A nan ne aka ƙulla shawarar mu je mu ga Alhaji.

Babbanmu ne ya yi magana, dattijo ne da ya yi ritaya daga gwamnati ya dawo koyarwa. Ya fara da godiya, ya yi addu'a, ya kewaya ya kewaya, sannan ya ce, "Alhaji, ba ƙarin albashi ma muka zo nema ba. Ko ɗan abin hanya ne a sa mana a kai, don yanzu hanya ta fi ƙarfinmu." Alhaji bai yi fushi ba. Ya jawo wani babban littafi ya buɗe ya juyo mana shi. Sunayen iyayen da ba su biya kuɗin makaranta ba ne, shafi bayan shafi, wasu tun na bara. Ya ce, "Malamai, ku duba da idonku. In na ƙara wa iyaye ko dala, su kwashe yaransu su mai da su ta gwamnati. In sun kwashe, da me zan biya ku?" Sai ya buɗe durowa ya nuna mana tarin takardun neman aiki na yaran da suka gama jami'a, ya ce shi ba ya korar kowa, amma wanda ya samu inda ya fi, ba zai riƙe shi ba. Da za mu fita ya ba kowa jikka 2, ya ce a sha ruwa.

Na daɗe ina juya wannan zama a raina. Littafin nan gaskiya ne, na san iyayen, wasu ma maƙwabtana ne. Sabuwar motar da ke ajiye a ƙarƙashin bedi a bakin ofishinsa ita ma gaskiya ce. Har yau ban iya haɗa biyun na fitar da amsa ɗaya ba.

Daga nan na koma ƙafa. In na sallame asuba sai in kama hanya, sa'a ɗaya da minti 10 in ban tsaya gaisuwa ba, a Damagaram kuwa wa ya isa ya wuce dattijai a kan tabarma bai tsaya ba. Lokacin hunturu ne, iska na yankan kunne, ƙura na shiga har cikin haƙori. Ina isa sai in wuce bayan aji in wanke ƙafa da fuska kafin yara su gan ni fari fat kamar an tono ni. Takalmina baƙi ne sau-ciki, na aurena. Wata biyu ya buɗe baki. Na kai wa wani mai gyara a gefen Kasuwar Dole, ya ce baƙin zare ya ƙare, sai fari. Na ce ɗinka. Ya yi masa wani irin ɗinki ƙato-ƙato tun daga yatsa har dunduniya, kamar bakin buhun gero. Washegari ina rubutu a allo na ji ajin ya yi tsit fiye da kullum. Da na juyo, idanun yara 60 da wani abu duk a ƙafata suke. Ba wanda ya yi dariya, yaran kirki ne, amma da sun yi da ya fi mini sauƙi.

Abin haushin, dokar lakwal ɗin ita ce duk wanda ya zo bayan an buga ƙararrawa a yanke masa dala 100. Wato ranar da ƙafa ta gaza, na tsimi dala 60 na yi asarar 100. Sau huɗu aka yanke mini a watan Janairu.

An buɗe iyaka a Maris ɗin 2024, muka ce to, sauƙi ya zo. Shiru. A Yuli kuma gwamnati ta rage kuɗin mai, lita ta sauko daga 540 zuwa 499. Ranar da na ji, har nemansa na yi, ɗan Mirya, na same shi a mahaɗarsu yana goge moto.

"To, ɗan Mirya, an rage mai. Sai ku ma ku ji tsoron Allah ku sauko."

Ya yi dariya ya ce, "Mushe, kai ne malamin lissafi, amma bari in gwada. Dala 8 aka rage a lita, ko? Lita 3 nake sha a wuni. Dala 24 ke nan. Fasinja 30 nake ɗauka in kasuwa ta yi kyau. To raba mini dala 24 gida 30, ka faɗa mini nawa zan rage maka." Ban ce komai ba. Ya ci gaba, "Mai moton nan da jikka ɗaya da rabi nake kai masa kullum, yanzu jikka 2 ce, ko na yi aiki ko ban yi ba. Tiyar hatsi ta kusa jikka. Ni ma fa ci nake, Mushe."

Na tafi da niyyar yi masa wa'azi, na dawo ya ba ni darasi kyauta. Tun ranar na daina ganin ɗan kabu-kabu a matsayin wanda ke cutata. Ni da shi rami ɗaya muke ciki, bambancin kawai shi yana iya ɗaga kuɗinsa in wuya ta yi wuya, ni kuwa nawa kuɗin a durowar wani yake.

Daminar 2024 ɗin nan ce aka yi ruwan da ba mu taɓa gani ba. Tsohon masallacin Birni, wanda kakannin kakanninmu suka yi salla a ciki, ya rushe a farkon Satumba, mutane na tsaye suna kallo suna salati. Gidajen laka sun zube ba adadi, katangarmu ma ta baya ta kwanta. Aka tsugunar da mutane a cikin azuzuwa, gwamnati ta ɗage komawa makaranta daga 2 ga Oktoba zuwa 28. Ga ma'aikacin gwamnati hutu ne ya ƙaru. Ga irinmu wata na huɗu ne ba albashi. Kwana 4 na Oktoba aka lissafa mana aka haɗa da na Nuwamba.

Maman yara ce ta nemo mafita, ban kuma san ta yi ba sai da ƙaninta ya zo gida. Yana da ɗan shago a Kasuwar Dole da moto Kasea, daga magariba moton a zaure take kwana. Ya zauna ya daɗe yana sosa ƙeya, sannan ya ce, "Yaya, in ba za ka ga raini ba, ga moto nan tana kwana a banza. Ka riƙa ɗauka da dare kana ɗan zagayawa. Ka zuba mai, ka ba ni dala 100 ta gyara. Da safe ka kawo mini ita gida, ai daga wurina zuwa lakwal ɗinku ba nisa."

Na ce zan yi shawara. Shawarar me? Kunya ce kawai. Shekara 7 ana ce mini Mushe, a ɗaura aure a ba ni tabarmar gaba, yanzu in koma "kai, mai moto". Kwana uku na yi, a na huɗu gishiri ya ƙare a gidan, na je na karɓo makulli. Na sayi takunkumi baƙi, na naɗa rawani har gira, na ce ko uwata ba za ta gane ni ba.

A kan moton nan na ga garinmu ta wata fuskar. Na san ramin da ke kowace kwana, na san inda rairayi ke kama taya ya kayar da kai, na san lungunan Birni da fasinja zai ce jira in karɓo canji ya shige ba ka ƙara ganinsa. Wata tsohuwa na ce mata dala 50, ta riƙe haɓa ta ce, "Yaro, Birnin ne aka matsar da shi?" Na yi dariya ni kaɗai a cikin takunkumi, don maganata ce aka maido mini. Daga isha'i zuwa ƙarfe 12, in an fitar da mai da dala 100 ta suruki, ina tashi da jikka ɗaya da rabi, ranar Alhamis ta kasuwa har 2. Ku lissafa da kanku a wata. Sa'a 4 a kan moto ta kusa kamo abin da nake samu in na wuni ina fama da yara 60 da alli. Wannan lissafin ban yi shi a takarda ba, don ba na son ganinsa a rubuce. Abin da ya biyo baya shi ne gyangyaɗi. Sau biyu ina ba da shifta na ji alli ya faɗi daga hannuna.

Sai azumin 2025 ya zo da ƙarancin mai a watan Maris, ƙasar gaba ɗaya. Ganga 20,000 a wuni aka gina matatar ta tace, motoci da babura kuwa sun ƙaru tun 2011, ga ruwa-ruwan da ke cike giɓin ya ƙafe. Mutane da bakin azumi suna tura moto a layi tun asuba har rana ta take. Yaron shagon surukina ne ke bi mana layi, ranar da bai samu ba sai in saya a bayan fage, lita ta haura jikka. Dole na koma cewa dala 100, ni da bakina.

Daren 12 ga azumi, bayan an sauko daga asham, wani mutum ya tsai da ni a bakin kasuwa da rabin buhun masara. Tun kafin ya yi magana na gane shi, uban wata ɗalibata ce mai zama a bencin gaba. Na so in wuce, amma ya riga ya ɗora buhun a kan tanki. Na sauya murya na ce dala 100. Ya ce, "Ku dai ƴan kabu-kabu ba za ku ga annabi ba. A cikin azumi?" Muka daidaita a 80.

Duk hanya shi ke magana. Tela ne, ya ce ga salla ta matso amma ba mai kawo ɗinki. Ya zagi tsadar mai, ya zagi tsadar masara, sai ya gangaro kan lakwal. Ya ce an aiko masa takarda sau biyu kan kuɗin wata 3, "alhali malaman ma barci suke a aji, yarinyata ta ce Mushensu har alli ke faɗuwa daga hannunsa. Ka ji fa, mu biya kuɗi su je su yi barci." Na ce, "Allah ya kyauta," na ƙara wuta.

Muka iso ƙofar gidansa, unguwar ba wuta. Ya sauka yana laluben aljihu, ya ƙwala kira a kawo fitila a kama masa buhu. Yarinyar ce ta fito da tocila, da ɗan hijabinta na salla. Na kau da kai, na sa ƙafa ɗaya a ƙasa na tokare moto. Ta haska buhun, ta haska hannun babanta yana ƙirga silalla, sai hasken ya sauka ƙasa ya tsaya a kan farin zaren nan. Ya daɗe a wurin. Sannan ta kashe tocilar, ta ɗan rusuna kamar yadda suke yi in na shigo aji, ta ce a hankali, "Bonsuwar, Mushe."

Uban ya tsaya da kuɗi a hannu.

Abin da ya ce da ni a ƙofar gidan nan, da yadda maganar ta isa kunnen Alhaji kafin salla, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.